Yadda Na Kashe Sheƙin Gidan Kakana

Ranar da aka yanke shawarar rushe gidan kakanmu da ke Zangon Kumasi ina cikin zauren, kuma ban ce uffan ba. Babu abin da zan ce. Katangar gabas ta fara kwanciya, kwanon rufi ya zama rariya, kowace damina sai an jera robobi a ɗakuna ana tarar yoyo, ga magada sun haura talatin a kan ɗakuna goma sha ɗaya. Baffanmu da ke Jamus ya ce zai kawo rabin kuɗin a tayar da bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Hujjarsu ta fi tawa ƙarfi, domin ni ba ni da wata hujja sai ƙauna. Abin da na roƙa kawai shi ne a ba ni mako uku kafin a sa diga.

Gidan ba wani abin kallo ba ne ga baƙo. Jar ƙasa ce aka gina shi da ita, daga baya aka yi masa yaɓen siminti a wasu wurare, aka shafa kwalta a gindin katanga saboda ruwa. Amma labarinsa ya fi shi tsawo. Mahaifin kakana fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Kano zuwa Salga, ya zauna can har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu, shi ya gangaro kudu. Ɗansa ne ya gina wannan gida, ya zama mai masaukin baƙi. Goggona, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa a ɗakin tsakiya. Tana budurwar aure a gidan lokacin da aka kawo famfo unguwar, tana da 'ya'ya uku a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Takan ce a 'yan kwanakin nan rabin mutanen gidan suka tafi, suka bar tukwane da turame a tsakar gida, wasu har da tuwo a kan murhu. Ba su dawo ba. Turmi ɗaya daga cikin waɗannan shi muka taso muna gani a gindin bishiyar mangwaro.

Ni malamin zanen gine-gine ne a wata makarantar sakandare, kuma tun ina ɗalibi na koyi haɗa ƙaramin samfurin gini da kwali da katako, irin wanda masu zanen gida ke ajiyewa a tebur domin mai kuɗi ya ga abin da zai biya. Don haka a makonni ukun nan na shiga gidan da tef ɗin awo da littafi. Tsawonsa mita 22, faɗinsa mita 18. Na zaɓi ma'aunin 1:50, wato kowace mita ɗaya ta gaske ta koma santimita biyu, gidan gaba ɗaya ya tsaya a kan allo mai santimita 44 da 36. Ƙofar zaure da dogon mutum ke sunkuyawa kafin ya shige ta ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Ranar da aka fara rushewa na cika buhu biyu na ledar shinkafa da ƙasar katangar, ma'aikata suna yi mini kallon wanda ya taɓu.

Wata huɗu na yi ina aikin, galibi bayan isha'i. Bangon na kwali ne mai kauri, na tankaɗe ƙasar gidan da tsohon ɗankwali, na kwaɓa ta da farin gam na kafintoci da ruwa, na yaɓa. Rufin kuwa gwangwanin lemo na yanka, na danne shi a kan haƙoran mataji har ya yi tudu da kwari irin na kwano, sannan na bi shi da fenti ruwan tsatsa. Na yi randa, na yi igiyar shanya, na yi turmin nan. Da na gama, na tsaya daga bakin ƙofar ɗakina na dube shi, wallahi sai da gabana ya faɗi. Gidanmu ne.

Saura abu ɗaya. Ƙasa da gam ba sa jure hannu. Ka shafa, ta biyo yatsanka. Fentin ruwa kuma ɗigon shayi ɗaya ya isa ya ɓata shi, ƙura in ta zauna ba ta goguwa, kyankyaso ma yana son gam. Dole a yi wa aikin shafe na ƙarshe, wani ruwa garai-garai da zai bushe ya zama fata a kansa. Duk mai wannan sana'a ya san haka. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne irin fatar. Akwai ragowar banish a gida, wanda kafinta ya shafa wa kujerunmu, na ɗauki buroshi na bi gidan da shi tun daga zaure har bayan gida. Washegari ya bushe sarai, yana ɗaukar ido.

Na kai wa Goggo a gidan 'yarta da ke Aboabo, inda ta koma bayan rushewar. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta faɗar sunana. Ta sa aka ɗora allon a kan cinyarta, ta juya shi wajen taga, ta daɗe tana kallo.

«Babana, sannu da aiki. Allah Ya yi maka albarka.»

«Amin, Goggo. Kin gane shi?»

«Na gane ƙofofin. Amma wa ya tsoma shi a mai? Kamar ƙosai aka tsamo. Gidanmu ko ranar da aka yi ruwan da ya ci gada bai jiƙe haka ba.»

Jikokinta suka yi dariya, ni ma na yi, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Ta miƙo mini allon da hannu biyu, cikin mutunci, kamar yadda ake mayar wa mai talla kayan da ba a saya ba.

Na yi kwanaki ina tunanin yadda na kasa ganin abin da tsohuwa mai yanar ido ta gani nan take. Ina jin amsar tana cikin tarbiyyar idonmu. Mu mutane ne masu son sheƙi. Shaddar da ba ta ɗaukar ido ba ta shiga taron Salla. Masu bugu suna shimfiɗa yadi a kan gungume su yi ta dukansa da tabarya mai nauyi, ba don komai ba sai don zaren ya kwanta ya yi sumul. Jeren kwanonin amarya, takalmin ango, motar da aka wanke za a ɗauko alhaji daga filin jirgi, duk da ƙyalli muke auna su. A wurinmu abin da ya dusashe ya tsufa ke nan, abin da ke walƙiya shi ne aka gama shi. Hannuna ya bi wannan ɗabi'a ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Aikin masu bugun ma shi ne ya fi bayyana mini asalin lamarin. Sheƙi ba launi ba ne, siffar fata ce. In fuskar abu ta yi sumul, hasken da ya faɗo mata yakan tashi gaba ɗaya ya nufi waje guda, kamar yadda madubi ke yi, sai ido ya ga walƙiya. In kuwa fuskar tana da ƙananan tudu da kwari, ko da ido ba ya ganinsu, hasken sai ya watse ta ko'ina, abin ya fito a dusashe. Shi ya sa shaddar da aka wanke take rasa ƙyallinta alhali rininta yana nan. Zaren ne ya miƙe. Katangar ƙasa kuwa babu abin da ya kai ta kaushi. Banish ɗina ya cike duk ramukan da ke cikinta, ya mai da ita kamar tangaran, ya kuma duhunta launin, daidai yadda ruwan sama ke yi wa ƙasa. Goggo ba ta yi kuskure ba da ta ce a jiƙe yake.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙanƙanta. Mutumin da ya tsaya mita ɗaya daga samfurin 1:50, matsayinsa ɗaya da wanda ya hango gidan gaske daga nisan mita 50. Daga wannan nisa ba ka ganin ƙyallin komai sai gilashi da ruwa da sabon kwano. Launuka ma sukan ɗan yi haske saboda iskar da ke tsakani. To in ƙaramin bango ya ɗauko hoton tagar ɗakinka ya nuna maka, hoton tagar zai rufe rabin bangon, nan take ido ya san abin wasan yara yake kallo. Wannan ne dalilin da masu haɗa ƙananan jiragen yaƙi na 1:72 da tankoki na 1:35, sana'ar da ta yi ƙarfi a Ingila da Japan da Amurka, suke ɗaukar shafen ƙarshe marar sheƙi tamkar rabin aikin. Kamfanoni irin su Tamiya da Humbrol da Vallejo kowanne yana da nasa, wani a gwangwanin feshi, wani a kwalba.

Na aika aka sayo mini gwangwani ɗaya daga wani shagon kayan zane a Ankara. Ya iso cikin watan Yuni, tsakiyar babbar daminarmu. Na ƙosa. An kwana ana ruwa, da na dawo daga sallar asuba gari ya yi sanyi luf, babu iska, babu ƙura, na ce ai babu lokacin da ya fi wannan. Na fito da gidan baranda, na girgiza gwangwanin sau biyar ko shida, na ja baya sosai don tsoron kada ya yi yawa, na fesa. Da na ga bai rufe ba na ƙara, na sake ƙarawa.

Kafin in gama shan koko gidan ya fara fari. Ya soma daga rufi, ya gangaro bango, wani fari-fari kamar an busa masa garin rogo, a kusurwoyi kuma kamar madarar da ta bushe a ƙwarya. Jar ƙasar kakana ta koma toka. Na zauna a kan matakala na rasa abin da ke mini daɗi. Gidan gaske ya riga ya tafi, an ma fara zuba ginshiƙai a filin. Ƙasar da na ɗebo saura abin da bai cika gwangwanin madara biyu ba. A makon nan kuma aka kwantar da Goggo, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya.

Wani abokina direba ne ya ce in je Magajin, wato unguwar makanikai ta Suame, inda dubban masu gyaran mota ke aiki, in nemi wani dattijo Ba'asante mai fentin mota. Na tarar da shi yana goge ƙofar wata tsohuwar bas da sanfefa. Na buɗe kwalin. Bai yi dariya ba, abin da ya sa na ƙaunace shi ke nan. Ya tsuguna ya leƙa ta ƙofar zauren da ido ɗaya. Da Turanci da Asantanci muka yi maganar, ga ma'anarta.

«Kramo, da ƙarfe nawa ka fesa?»

«Bayan asuba, Masta.»

«An yi ruwa da dare?»

«An kwana ana yi.»

Ya kaɗa kai. Ya aiki yaronsa ya sayo ruwan leda mai sanyi, ya ajiye a kan bencin, ya ce in zuba ido. Cikin ɗan lokaci ledar ta yi gumi. Ya ce abin da ya sami gidana ke nan. Ruwan da ke cikin gwangwanin feshi yana ɗauke da tina mai saurin tashi, kuma duk abin da ke tashi da sauri yana sanyaya inda ya bari, kamar yadda turare ke sanyaya fata. In iska cike take da laima, sai raɓa ta sauka a kan fentin tun bai bushe ba, ta maƙale a ciki, ta zama wannan farin. Ya ce su ma a damina in suka yi wa mota fenti da sassafe haka take yi musu, shi ya sa suke jiran rana ta ɗaga, ko su ƙara wani tina mai jinkirin bushewa. A Kumasi laimar safiyar damina takan haura 80 cikin ɗari. Ni kuwa na zaɓi sa'ar da ta fi kowace jiƙa a yini.

Sannan ya shafa rufin da bayan yatsa ya ce wannan farin daban ne, wannan yashi-yashi ne. Na tsaya da nisa ƙwarai, ɗigon ya bushe a iska kafin ya iso, ya sauka a matsayin gari. Ya tambaye ni sau nawa na girgiza. Da na faɗa masa, a nan ne ya yi dariyar da ya riƙe.

Abin da na fahimta daga baya, da na zauna na karanta, ya yi daidai da nasa. Shafe marar sheƙi ba wani ruwa ne na daban ba. Shi ne dai mai sheƙin, aka zuba masa wani gari mai laushin gaske, galibi na silika, dangin yashi. In ruwan ya bushe ya ja jiki, ƙwayoyin garin sai su ɗan turo fatar, su yi mata kaushin da ke watsa haske. Garin nan ya fi ruwan nauyi, yana kwanciya a gindin gwangwani kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan ƙwarya. Wanda bai girgiza sosai ba, feshin ba zai fito masa daidai ba, wani ya fito da sheƙi domin ruwa ne zalla, wani kuma ya fito da gari fiye da kima ya bar masa alli. Wanda ya zuba da yawa a lokaci guda har ya kwanta kamar tafki, ya nutsar da ƙwayoyin, sheƙin da yake gudu ya dawo. Wanda ya tsaya nesa ya sami ƙura. Tsakanin waɗannan ramuka uku hanyar take, kuma siririya ce.

Na tambayi Masta ko sai na jira hunturu. Ya ce hunturu ya fi bushewa, gaskiya ne, amma yana da nasa sharrin, domin hazo ba ya barin fenti ya bushe da tsabta, kuma bushewar iskar kan sa ɗigo ya mutu a hanya. Ban gaya masa cewa ba ni da tabbacin Goggo za ta ga Disamba ba. Ina jin ya gani a fuskata, don ya ajiye sanfefarsa ya ce in dawo ranar da rana ta fito, da ƙarfe ɗaya, in zo da gwangwanin da wani mai sheƙi irinsa, in kuma zo da abin gwaji.

Abin gwajin nan shi ne darasin da ya fi mini zafi, saboda ni nake koya wa ɗalibai shi. Masu haɗa jirage suna gwada kowane sabon fenti a bayan cokalin roba kafin ya taɓa aikinsu. Ni na ɗauki aikin wata huɗu na mai da shi cokalin gwaji, har sau biyu. Na koma gida na yaɓa 'yan guntayen kwali huɗu da ƙasar bayan makarantarmu, na shafa musu banish ɗin kafinta, na fesa musu da asuba da gangan har suka yi fari, domin su kamu da ciwon da gidan ya kamu da shi.

Mun jira kwana tara. Ranar da ta samu, Masta ya fara da abin da ban zata ba: ya ce mai sheƙi za mu fesa. Na ce ai shi na gudo. Ya ce farin nan ramuka ne da ƙura da suka hana haske wucewa. In sabon ruwa ya shiga ya jiƙa su ya cike su, launin ƙasa zai dawo, kamar yadda gilashin da ya dusashe ke washewa in an zuba masa ruwa. Muka gwada a guntu na farko, ya zuba da ɗan yawa, fatar ta yamutse kamar ta tsohuwar lemo. Ya ce ka gani, tinan gwangwani ya fi banish ɗin kafinta zafi, in ya zauna a kansa zai cinye shi. A guntu na biyu ya yi wucewa ɗaya mai sauƙi, ya jira, ya sake. Farin ya narke a gaban idona. Sai da muka yi na uku ya yarda a taɓa gidan. Rufin da ya yi yashi kuwa sai da na fara bin sa da tsohon buroshin haƙori.

Bayan kwana biyu muka yi na ƙarshen. Zan faɗi yadda aka yi dalla-dalla, ko wani cikin masu karatu yana da irin wannan aiki a hannu. Mun ajiye gidan a rana na ɗan lokaci har allon ya yi ɗumi, domin abu mai ɗumi ba ya tara raɓa, sannan muka shigar da shi inuwar rumfa inda iska ke wucewa. Gwangwanin ya sha minti goma a cikin bokitin ruwa mai ɗumin da hannu ke jurewa. Ba ruwan zafi ba, kuma ba kusa da wuta ba, gwangwanin feshi yana fashewa. Yaron Masta ya girgiza shi minti biyu cur, ni ina duba agogo, ƙwallon da ke ciki yana ƙara. 'Yan tagogi biyu masu gilashi da ruwan randa, waɗanda na yi da roba garai-garai, mun rufe su da salatif, in ba haka ba su ma su makance. Nisan hannu daga bango kamar taƙi ɗaya ne da ɗan ƙari, santimita 25 ko kusa da haka. Ana danna kan gwangwanin tun kafin a iso gidan, a wuce da shi, a saki bayan an fita, saboda farkon feshi da ƙarshensa su ne ke tofar da manyan ɗigo. Shafe uku muka yi, kowanne siriri har kana shakkar ko ya taɓa, da tazarar kwata ɗaya na awa a tsakani. Muka kifa babban kwali a kai, aka bar shi har washegari. Duk wannan da ƙyalle a hanci. Masta yana da tari irin na masu sana'arsa, ya ce kada in gaje shi.

Sheƙi ya mutu, fari bai dawo ba. Amma launin ya fi na gidanmu duhu, domin banish na farko ya riga ya shiga cikin ƙasar, babu mai fito da shi. A nan ragowar gwangwanin madara biyun nan ta yi rana. Na sami irin wannan shafe na kwalba, wanda ake sirkawa da ruwa, na riƙa shafa shi da buroshi mai laushi bango bayan bango, ina barbaɗa tankaɗaɗɗiyar ƙasar a kai tun yana da danshi, in ya bushe in busa abin da bai kama ba. Na buroshi ya fi na feshi sauƙin kai a damina, sai dai yana son haƙuri: ba a komawa kan inda ya fara bushewa, in an koma sai ya bar sawu. Da ƙasar ta ƙare, saura bangon bayan gida ɗaya ban rufe ba. Na bar shi da duhunsa. Dama can wajen kullum a jiƙe yake.

Masta ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya. Ya ce gidan uwarsa a ƙauye ya faɗi shekarun baya, babu ko hotonsa.

An sallamo Goggo a farkon Agusta. Na same ta a kishingiɗe, an tara mata matasai. Wannan karon ba ta juya allon wajen taga ba, yatsa ta sa. Ta bi katangar gabas, ta shiga tsakar gida, ta tsaya a ƙofar ɗakin tsakiya. Ta fara kiran sunayen masu ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka tafi a 1969, tana faɗin garin da kowa ya nufa, wane Sakkwato, wane Ilori, wance Yamai. 'Yarta ta ɗauko waya tana naɗar muryarta. Sunaye huɗu cikinsu babu wanda ya taɓa jin su a ɗakin. Sannan yatsan ya fito ƙofar gida ya tsaya.

«Babana, wannan dakalin ba namu ba ne.»

«Na auna shi, Goggo. Tsawonsa da tsayinsa duk daidai ne.»

«Ban ce ka gajarta shi ba. Namu yana sheƙi. Shekara nawa maza suna zama a kai? Malam da baƙinsa tun daga hantsi har magariba. In rana ta faɗo masa da yamma sai ka ce an shafa masa man shanu. Ƙofar zaure ma, daidai inda ake turawa, baƙi ne wuluk, sumul. Ka manta?»

Ban manta ba, ban dai taɓa lura ba. Na auna dakalin da tef, na zauna a kansa ina rubuta awon, amma sai da ta faɗa na gan shi: simintin da riguna suka goge shekara da shekaru, gefensa ya zagaye, yana ɗaukar hasken la'asar. Haka bakin turmi, haka igiyar guga inda hannu ke kamawa, haka dutsen da ake taka wa a yi alwala. Na bi gidan duka na kashe shi da shafe ɗaya, har da wuraren da jikin mutane ya taɓa.

Na dawo washegari da kwalabe biyu da buroshi mafi ƙanƙanta da nake da shi. A murfin kwalba na haɗa ɗigo ɗaya na mai sheƙi da ɗigo biyu na marar sheƙi, na gwada a guntun kwali na huɗu da ya rage, na jira ya bushe. A gaban Goggo na yi aikin, allon yana kan tabarma, ita tana ba da umarni daga kan gado. Saman dakali, ban da gefensa na ƙasa. Tabo ɗaya a ƙofar zaure, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba. Bakin turmi. Ta ce in ƙara a dakalin ta wajen dama, nan Malam ke zama, nan ya fi gogewa. Na ƙara.

Da ya bushe ta sa aka buɗe labule, ta kalle shi a karkace, ta gyaɗa kai. Sai ta ce randar ba a nan take ba, tana bayan ƙofar kicin, an matsar da ita ne bayan rasuwar innarta. Na ce gam ya riga ya kama. Ta ce in kawo wuƙa.